Kula Da Saitin Na'urori: Abin Da Ya Kamata Mai Rassa Da Yawa Ya Sani

KAFANCHAN — A daren Laraba, 8 ga watan Maris na 2023, Hukumar Zaɓe Mai Zaman Kanta ta Ƙasa, wato INEC, ta ba da sanarwar ɗage zaɓen gwamnoni da na 'yan majalisun dokokin jihohi daga ranar 11 zuwa ranar 18 ga watan. Dalilin da hukumar ta bayar shi ne, tana bukatar lokaci domin ta sake saita na'urorin tantance masu jefa ƙuri'a, waɗanda aka fi sani da BVAS, bayan an yi aiki da su a zaɓen shugaban ƙasa na ranar 25 ga watan Fabrairu.

Ƙasar nan tana da rumfunan zaɓe 176,846 a lokacin, kuma kowace na'ura an ɗaure ta ne da rumfarta. Kafin a shiga sabon zaɓe, tilas ne a kwashe bayanan da ke cikin kowace ɗaya a adana, sa'an nan a ɗora mata sabon saiti. Kotun Ɗaukaka Ƙara ba ta ba da izinin taɓa na'urorin ba sai a ranar 8 ga watan, saboda ƙarar da 'yan takarar da suka sha kaye suka shigar, kuma kwana biyun da suka rage ba za su isa aikin ba. Ta haka aka wayi gari mai shago a Fadan Kaje, cikin ƙaramar hukumar Zangon Kataf, da mai motar haya a tashar Kafanchan, da wanda ya sa ranar bikin 'yarsa, duk sun sake lissafi, domin ranar da za a hana zirga-zirga ta matsa da mako guda.

Wannan lamari ya fito da wata matsala fili wadda 'yan kasuwa da dama ke fama da ita ba tare da sun san sunanta ba. Duk wanda ke da na'ura fiye da ɗaya da ke yin aiki iri guda, ko kwamfutocin sayar da kaya ne a rassa uku, ko na'urorin POS goma a hannun yaransa, ko kwamfuta ɗari biyu da hamsin a cibiyar zana jarrabawa, to yana ɗauke da ƙaramin nauyi irin na INEC. Tambayar ita ce, ta yaya zai tabbatar cewa duk na'urorin nan suna bin umarni ɗaya, kuma in ya canza umarnin, canjin ya isa ko'ina daidai?

Mene Ne Saiti?

Kowace manhaja da ke cikin kwamfuta tana tafiya ne a kan abu biyu. Na farko shi ne ainihin umarnin da masu ƙirƙirar ta suka rubuta, wanda iri ɗaya ne ko a Legas aka saye ta ko a Landan. Na biyu kuwa shi ne bayanin da ke gaya mata inda take, da wanda take yi wa aiki, da ƙa'idojin da za ta bi a wurin. Wannan bayani na biyu shi ake kira saiti, kuma galibi akan ajiye shi ne a cikin wani ɗan ƙaramin fayil wanda sau da yawa bai wuce shafi ɗaya ko biyu ba.

A kwamfutar kanti, fayil ɗin saiti shi ke ɗauke da sunan reshe, da asusun bankin da kuɗi za su faɗa, da kason haraji, da sunayen waɗanda ke da izinin rage farashi, da adireshin uwar na'urar da ake aika wa lissafin yini. A na'urar BVAS kuwa, saitin shi ne jiha da ƙaramar hukuma da mazaɓa da lambar rumfa da irin zaɓen da za a yi, tare da rajistar masu jefa ƙuri'a na wannan rumfa kaɗai.

Ɗan kasuwar hatsi zai fi saurin gane abin idan aka kwatanta shi da mudu. Yadda ake awo iri ɗaya ne a kowace kasuwa, amma girman mudun shi ne saitin. Idan maigida ya tura yaransa kasuwa biyar, kowane da mudun da ya ɗan bambanta da na ɗan'uwansa, lissafi ba zai taɓa fita ba, alhali kuwa babu wanda ya ɗauki ko ƙwayar masara. Haka abin yake da na'urori. Masana suna kiran wannan ciwo saɓanin saiti, kuma a hankali yake shiga. Yau injiniya ya je reshen Kachia ya yi wani ɗan gyara bai rubuta ba. Gobe an sayo sabuwar kwamfuta a Zonkwa an bar ta da saitin da ta zo da shi daga masana'anta. Jibi an aiko da sabuntawa ta intanet, ta tarar da na'urar Kwoi a kashe don babu wuta. Bayan shekara guda, na'urorin da aka saya rana ɗaya sun zama kowace da halinta.

A ɗauki misalin harajin kayan masarufi, wato VAT, wanda Gwamnatin Tarayya ta ɗaga daga kashi 5 zuwa kashi 7.5 cikin ɗari tun daga ranar 1 ga watan Fabrairu na 2020. Mai sayar da kayan gini da ya canza kason a rassa biyu ya manta da na uku, a duk cinikin naira miliyan ɗaya da aka yi a wannan reshe, naira 25,000 ce ta harajin da bai karɓa ba, kuma daga aljihunsa zai cike ta ranar da masu haraji suka zo duba littattafai.

Gyaran Da Bai Kai Ko'ina Ba

Haɗari na farko shi ne a yi gyara mai kyau, amma ya tsaya a hanya. Babban misali a ƙasar nan shi ne abin da ya sami Hukumar Shirya Jarrabawar Shiga Manyan Makarantu, JAMB, a 2025. Da sakamakon jarrabawar shekarar ya fito, iyaye da ɗalibai suka yi ta ƙorafi cewa makin da aka ba su bai yi kama da ƙoƙarinsu ba. A ranar 14 ga watan Mayu, magatakardan hukumar, Farfesa Ishaq Oloyede, ya fito gaban manema labarai ya amsa laifi, ya kuma nemi gafara.

Bisa bayanin da hukumar ta yi, ta raba aikin na'urorinta gida biyu ne, ɓangaren da ta sa wa suna Kaduna da wanda ta sa wa suna Legas. An gano wata tangarɗa an kuma yi mata gyara, amma ma'aikatan kamfanin da ke kula da ɓangaren Legas ba su ɗora gyaran a kan wasu daga cikin manyan na'urorin ba, kuma ba a lura ba har aka saki sakamako. Abin ya shafi ɗalibai 379,997 a cibiyoyi 157, wato 65 a Jihar Legas da 92 a jihohi biyar na kudu maso gabas. Dole aka sake musu jarrabawa daga ranar 16 ga watan.

Abin lura a nan shi ne, babu na'urar da ta ƙone ko ta mutu. Kowace ta kunnu, ɗalibai sun zauna sun amsa tambayoyi sun tashi. Irin wannan kuskure ba ya ƙara, ba ya hayaƙi, shi ya sa ya fi lalacewar inji haɗari.

Makamancin haka ya taɓa faruwa a Amurka ranar 1 ga watan Agusta na 2012, ga wani kamfanin dillancin hannun jari mai suna Knight Capital. Kamfanin yana da manyan na'urori takwas da ke aika odar saye da sayarwa zuwa kasuwar hannun jari ta New York. An ɗora sabuwar manhaja a kan bakwai, aka tsallake ɗaya. Da aka buɗe kasuwa, wannan ɗayar ta dinga saye da sayarwa ba ƙaƙƙautawa, kuma cikin minti 45 kamfanin ya yi hasarar kimanin dala miliyan 440. Kafin shekara ta zagayo wani kamfani ya haɗiye shi. Wake ɗaya, in ji Hausawa, shi ke ɓata gari.

Kuskuren Da Ya Kai Ko'ina Lokaci Guda

Mai karatu zai iya cewa, to ai maganin mai sauƙi ne, a haɗa dukkan na'urori a aika musu da canji a lokaci ɗaya. A nan ne haɗari na biyu yake, domin hanyar da ke kai gyara ko'ina ita ce kuma ke kai kuskure ko'ina.

A ranar Juma'a, 19 ga watan Yuli na 2024, kamfanin CrowdStrike na Amurka, mai sayar da manhajar kare kwamfuta daga 'yan kutse, ya aika da wani ƙaramin fayil na saiti zuwa ga abokan cinikinsa a duk duniya. Fayil ɗin yana da aibi. Duk kwamfutar da ke aiki da Windows da ta karɓe shi sai ta tsaya cik, in an sake kunna ta ta sake tsayawa. Kamfanin ya janye fayil ɗin bayan minti 78, amma aikin gama ya gama. Kamfanin Microsoft ya ƙiyasta cewa na'urori miliyan 8.5 ne abin ya shafa. Bankuna da asibitoci da filayen jirgin sama suka koma rubutu da biro, kuma kamfanin jiragen sama na Delta shi kaɗai ya soke tashi kusan 7,000, ya kuma ce ya yi hasarar kimanin dala miliyan 500. Abin da ya ƙara dagula lamarin shi ne, na'urar da ta tsaya ba ta iya karɓar gyara ta intanet, sai ma'aikaci ya je gabanta ya goge fayil ɗin da hannunsa.

A zaɓen 25 ga Fabrairu na 2023 ma an ga irin wannan. Sakamakon zaɓen 'yan majalisun tarayya yana shiga shafin INEC na duba sakamako, amma na shugaban ƙasa ya ƙi shiga har dare. A rahoton da ta fitar daga baya, hukumar ta ɗora alhakin a kan kuskuren saiti a uwar na'ura, inda ta ce an tsara ta ne ta ajiye kowane sakamako a ƙarƙashin jiharsa, zaɓen shugaban ƙasa kuwa ba na jiha ɗaya ba ne, don haka na'urar ta rasa inda za ta sa shi. Jam'iyyun adawa ba su gamsu da wannan bayani ba. Ko ma mene ne ra'ayin mutum, darasin ga ɗan kasuwa a bayyane yake: amanar da aka rasa cikin sa'o'i kaɗan, shekaru ba su isa dawo da ita.

Tsadar Bi Ɗaya Bayan Ɗaya

Haɗari na uku shi ne lokacin da aiki ke ci idan sai an bi kowace na'ura da hannu. Magidanta da masu shaguna a Kafanchan da Zonkwa da Kagoro, waɗanda ke sayen wuta daga kamfanin Kaduna Electric da mita mai kati, sun ɗanɗani wannan a 2024.

Tsarin mitocin, wanda aka ƙirƙira a Afirka ta Kudu, yana sa wa kowace lambar sayen wuta shaidar mintin da aka fitar da ita, don kada a yi amfani da lamba ɗaya sau biyu. An fara ƙidayar mintocin ne daga ranar 1 ga watan Janairu na 1993, kuma gurbin da aka ware mata ba ya ɗaukar fiye da minti 16,777,216, wato shekara talatin da biyu ba kaɗan. Gurbin ya cika a ranar 24 ga watan Nuwamba na 2024. Mitar da ba a sabunta ba kafin ranar ba za ta karɓi sabuwar lamba ba. Da yake yawancin mitocin ba su haɗe da intanet, kamfanonin rarraba wuta ba su da hanyar gyara su daga ofis. Tilas kowane mai mita ya karɓi jerin lambobi guda biyu, kowane mai ɗauke da alƙaluma 20, ya danna su bi da bi da yatsansa. Sabon saitin ya mai da farkon ƙidaya zuwa 2014, abin da zai kai mitocin har 2045.

An san wannan rana shekaru da dama kafin ta zo, amma duk da haka mutane da yawa sai a makonnin ƙarshe suka yi layi. Mai otal ko mai gidajen haya da ke da mita ashirin, in ba shi da rajistar lambobinsu da inda kowace take, ba shi da yadda zai san wadda aka gyara da wadda aka tsallake sai ranar da wuta ta ƙare.

Ƙa'idojin Da Masana Suka Yi Ittifaƙi A Kansu

Abin da ya ci Doma, ba ya barin Awe. Idan hukumomi da kamfanoni masu ɗaruruwan injiniyoyi sun yi tuntuɓe, mai rassa huɗu a kudancin Kaduna ba shi da hujjar sakankancewa. Sai dai matakan kariyar ba su da tsada, kuma yawancinsu tsari ne kawai irin wanda kowane attajiri ya riga ya sani daga riƙon littafin bashi.

Na farko, a buɗe rajistar na'urori. Kowace a rubuta lambarta, da inda take, da wanda ke riƙe da ita, da irin manhajar da ke ciki, da ranar da aka taɓa saitinta na ƙarshe. Abin da ba a ƙidaya ba, ba a iya kula da shi.

Na biyu, a sami asali guda ɗaya na saiti wanda kowa ke kwafa daga gare shi, a kuma raba shi kashi biyu. Kashi ɗaya na abin da ya game kowa ne, kamar kason haraji da jerin farashi. Ɗaya kashin na abin da ya keɓanta da reshe ne, kamar sunansa da lambar asusunsa. Rashin raba su shi ke sa a kwafi saitin Fadan Kaje a ɗora wa na'urar Kafanchan, a wayi gari cinikin wannan reshe yana shiga littafin wancan.

Na uku, kada a yi canji sai an rubuta wanda ya yi shi, da ranar, da dalili, kuma a yi shi a jikin asalin tukuna kafin ya sauka rassa. Gyaran gaggawa da injiniya ya yi a reshe, in ba a mai da shi cikin asalin ba, shi ne saɓanin gobe.

Na huɗu, a gwada a kan kaɗan kafin a kai wa duka. A zaɓi reshe ɗaya mafi kusa da maigida, a ɗora masa canjin, a bar shi ya yi ciniki na yini guda. In an ga lafiya, a kai wa rabi, sa'an nan sauran. Wannan shi ne matakin da CrowdStrike ya yi alkawarin ɗauka bayan abin da ya faru.

Na biyar, a tanadi hanyar komawa baya. Kafin a taɓa komai a kwafi tsohon saitin a ajiye a wuri biyu daban, ɗaya daga ciki ba a cikin shagon ba, saboda gobara da ɓarayi.

Na shida, a bincika bayan an gama. Cewa an aika ba daidai take da cewa ya isa ba, musamman a ƙauyukan da sabis ɗin waya ke zuwa yana ɗaukewa. A sa kowane reshe ya yi ɗan ciniki na gwaji ya aiko da rasit, a duba shi da ido. Wannan ɗan binciken ne ya yi ƙaranci a lamarin JAMB da na Knight Capital.

Na bakwai, a cire kalmomin sirri da lambobin sirri daga cikin fayil ɗin da ake rarrabawa, kada kuma a aika su ta zauren WhatsApp na ma'aikata. Duk ranar da yaro ya bar aiki, a canza waɗanda ya sani.

Na takwas, a zaɓi lokaci. Ba a canza saiti ranar kasuwa, ko ƙarshen wata, ko jajibirin Kirsimeti da Sallah, ko tsakiyar kakar citta lokacin da dillalai suka cika Kachia da Kwoi da Kafanchan kuma kowace na'urar POS ba ta hutawa.

Kayan Aiki Da Yarjejeniya

Wanda na'urorinsa ba su wuce biyar ko goma ba, littafi mai bango da 'yar ma'adanar filasha guda biyu sun ishe shi, muddin akwai mutum ɗaya da aka ɗora wa alhakin. Amma idan adadin ya kai na cibiyar jarrabawa ko ƙaramin bankin al'umma mai rassa, hannu ba zai iya ba. Akwai manhajojin da aka yi musamman don wannan aiki. CFEngine ta fito tun 1993 daga hannun Mark Burgess a Jami'ar Oslo, Puppet ta biyo baya a 2005, Ansible kuma a 2012, kuma dukkansu suna da nau'in da ake samu kyauta. Yadda suke aiki shi ne, a rubuta yadda ake so kowace na'ura ta kasance, manhajar ta bi su tana kwatantawa, wadda ta kauce ta dawo da ita kan layi ta kuma ba da rahoto. Akwai kuma Git, wadda Linus Torvalds ya rubuta a 2005, mai adana tarihin kowane canji da aka yi wa fayil, ta yadda za a iya komawa ga yadda yake jiya ko bara.

Ba a bukatar maigida ya iya sarrafa waɗannan da kansa. Abin da ake bukata shi ne ya san tambayoyin da zai yi wa injiniyan da ya ɗauka. Ina asalin saitin yake? Wa ke da kwafinsa ban da kai? In na'urar wani reshe ta ƙone yau, sa'a nawa za ta ɗauka a tayar da sabuwa daidai da ita? Ya kamata kuma a rubuta cikin yarjejeniya cewa fayilolin saiti da kalmomin sirri mallakar mai kasuwa ne, domin an sha ganin injiniya ya koma Abuja ko Jos, ko an sami saɓani da shi, ya tafi da asirin na'urorin a kansa.

Bugu da ƙari, hukumomi suna ƙara sa ido a wannan fanni. A watan Agusta na 2025, Babban Bankin Nijeriya ya ba da umarnin a ɗaure kowace na'urar POS da ainihin wurin da aka yi mata rajista, domin daƙile zamba. Ma'anar wannan ita ce, wurin da na'ura take ya zama wani ɓangare na saitinta, kuma mai na'urori da yawa da ke musanya su tsakanin yaransa ba tare da rubutu ba yana iya jefa kansa cikin matsala da bankinsa.

Mutanen Kafanchan ba baƙi ba ne ga amfanin ma'auni ɗaya. Garin ya bunƙasa ne tun 1927 a matsayin mahaɗar jirgin ƙasa, inda layin Fatakwal ya haɗu da na Kaduna da na Jos, kuma hakan ya yiwu ne domin faɗin dogon iri ɗaya ne, ƙafa uku da inci shida, daga bakin teku har arewa. Jirgin Abuja zuwa Kaduna da aka ƙaddamar a 2016, mai faɗin dogo milimita 1,435, ba ya iya hawa wancan tsohon layi ko na taku ɗaya. Ɗan kasuwar da ke shirin buɗe reshe na biyu ko sayen na'ura ta goma, ya kamata ya zauna da injiniyansa tun yanzu su buɗe rajista su kuma fitar da asalin saiti, tun na'urorin suna da sauƙin ƙirgawa.